Kyamarar mota: ta gaba kaɗai ta isa, ko sai an haɗa da ta baya?

Baban_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na ƙudurta saka kyamara a motata, irin wadda ake liƙawa a gilashin gaba tana ɗaukar hanya. Da na fara dubawa sai kaina ya ɗaure: wannan an rubuta 1080p, waccan 2K, waccan 4K, wata mai ido ɗaya, wata biyu, wata har uku. Tambayata biyu ce. Ta gaba kaɗai ta wadatar, ko dole sai da ta baya? Sannan ƙarin kuɗin da zan yi in sayi 4K yana da amfani, ko ado ne kawai? Motar ta gida ce, zuwa aiki da kai yara makaranta, jefi-jefi tafiya mai nisa, kuma dare yakan yi mini a hanya.

Sitiyari77:
Wa alaikumus salam. Gaba da baya, Malam, kada ma ka tsaya dogon tunani. Wanda ya dake ka ta baya a danja ko a cikin cunkoso, idan ya murza sitiyari ya gudu, ta gaba ba abin da za ta nuna maka sai motarka tana girgiza. Lambar da kake nema tana bayanka.

Malam_Tanimu:
Ban ce ta baya ba ta da amfani ba, amma "dole" ya yi nauyi. Ku duba irin rigimar da aka fi yi a kan titi: wa ya shigo hannun wani, wa ya tsallake danja, wa ya fito daga kwana bai duba ba, wa ya yanko gabanka ya taka burki. Duk a gaba suke faruwa. Ko dukan baya ma, ta gaba tana nuna cewa kana tsaye cak ko kana tafiya a hannunka lokacin da aka buge ka, kuma tana ɗaukar ƙarar. Wannan kaɗai ya isa ya toshe bakin mai cewa kai ne ka yi ribas ka same shi. In kuɗin hannunka na kyamara ɗaya mai kyau ne, sayi ɗaya mai kyau. Biyu marasa kyau ba su kai ta ba.

Sitiyari77:
In ya tsaya ke nan, Malam Tanimu. Ni maganar wanda ya gudu nake yi.

Malam_Tanimu:
Mai gudun ma yawanci ta gefenka zai ratsa ya shiga gabanka, ta gaban ta kama shi. Sai dai in ya samu damar juyawa ya koma inda ya fito, wannan kam na yarda da kai.

Injiniya_Zainab:
Baban Iman, bari in ɗauki tambayarka ta biyu, don a nan aka fi cutar mutane. 1080p na nufin hoton yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. 1440p, wanda ake ce wa 2K, kusan miliyan 3.7 ne. 4K na gaskiya 3840 ne sau 2160, miliyan 8.3. Ke nan 4K ta ninka 1080p sau huɗu, kuma da rana bambancin a fili yake. Za ka tsayar da bidiyo, ka zuƙo lamba daga nesa, ka karanta ta tsaf.

Inda gizo ke saƙar shi ne da yawa daga masu rubuta 4K a kwali, sensar da ke ciki, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoton, ta ɗigo miliyan 2 ce ko 4. Manhajar ciki ce take buɗa hoton ta cika shi da ɗigon da ta ƙirƙira. Fayil ya yi nauyi, katin ajiyar bidiyo ya cika da wuri, amma lambar da ba ta fito ba, ba za ta fito ba. Saboda haka ka bar kallon babban rubutun kwali, ka nemi sunan sensar. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan faɗa. Waɗanda aka fi yabo a yanzu na Sony ne, jerin STARVIS 2: IMX678 ita ake sa wa masu 4K, IMX675 kuma masu 2K. In na duba ko'ina ban ga an ambaci sensa ba, ni dai wucewa nake yi.

Tunda ka ce dare yana yi maka a hanya, wannan ya fi komai muhimmanci gare ka. Da dare kyamara tana ƙara tsawon lokacin da take buɗe ido don ta tara haske, shi ya sa duk abin da ke motsi yake fitowa a goge. Ga kuma fitilarka tana dukan lambar motar gabanka, lambar ta dawo da hasken, sai ka ga fari fat babu harafi ko ɗaya. HDR shi ke rage wannan: tana ɗaukar hoto mai haske da mai duhu ta haɗa su. 2K mai HDR na kirki ta fi 4K da ba ta da shi idan rana ta faɗi. Kada dai kowa ya yi maka alƙawarin cewa za ka karanta lambar motar da ke tahowa da gudu ta ɗaya hannun cikin dare. Wani lokaci a dace, wani lokaci a'a.

Dogo_Mai_Tirela:
Injiniya ta faɗi gaskiya. Dabarar da muke yi a kan dogon titi, da zarar ka ga wani ya yi maka ganganci ko ya goge ka, ka karanta lambarsa da baki, da ƙarfi, ka maimaita, ka faɗi launin motar. Makirufo zai ɗauka ko da idon kyamarar bai gani ba. Idon mutum ya fi nata gani da dare.

Maman_Sadiq:
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana, don duk wannan lissafin ɗigon bai amfane ni da komai ba ranar da na buƙace shi. Wani ya goge mini ƙofar baya a shataletale, ya fito yana ta hargowa wai ni na shigo masa. Ban ce masa uffan ba, don na san kyamarata tana aiki, jan ɗigon nan yana ƙiftawa kamar kullum. Da na koma gida ɗana ya zare katin ya sa a kwamfuta. Ga fayilolin nan a jere, kowanne da kwanan watansa da lokacinsa, har da na mintin da abin ya faru. Ya danna, ya ƙi buɗewa. Ya danna na gaba, haka. Sai tsofaffi na farkon katin ne kawai suke buɗewa. Ashe katin da aka haɗo mini da shi jabu ne: an rubuta 128GB a jiki, kwamfuta ma haka take nunawa, amma ainihin cikinsa ƙarami ne ƙwarai. Da ya cika, duk abin da aka ƙara rubutawa iska yake bi. Ni na gyara ƙofata da kuɗina. Har yau in na tuna yadda mutumin yake nuna ni da yatsa a gaban jama'a sai raina ya ɓaci.

Baban_Iman:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Wallahi ban ma kawo maganar kati a raina ba.

Garba_Rewaya:
Sannu Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ana kawo mini. Mutum ya zo yana cewa kyamara ta lalace, tana kashe kanta tana kunnawa, ko tana ta ƙara, in na canja kati sai ta miƙe lafiya lau.

Abu biyu ne. Akwai jabu kamar na Hajiya, shi kuma ana gane shi tun ranar farko. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta a kwamfuta mai suna H2testw, tana cika katin gaba ɗaya da bayanai sannan ta karanta su, ta faɗa maka ainihin girmansa. Tana ɗaukar lokaci, amma ka bar ta ta gama. Sannan akwai kati na gaskiya wanda ba don wannan aikin aka yi shi ba. Katin waya hoto kake ajiyewa a ciki jefi-jefi. Kyamarar mota kuwa muddin inji yana aiki rubutu take yi, in ya cika ta goge mafi tsufa ta hau kai, haka kullum, ga zafin gilashi. Kowane kati yana da iyakar yawan rubutun da zai iya ɗauka. Shi ya sa aka yi na musamman, kamar SanDisk High Endurance ko Max Endurance, da Samsung PRO Endurance. Irinsu za ka nema.

Kuma ka riƙa yi masa fomat, wato goge shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba, kamar sau ɗaya a wata. Kafin ka yi, buɗe bidiyon jiya ka kalla ko na minti ɗaya ne. Jan ɗigo yana ƙiftawa ba shaida ba ce, gani ya kori ji.

Baban_Iman:
Na gode Malam Garba. To wane girma ya dace? Na ga 32, 64, 128, har 256.

Injiniya_Zainab:
Lissafin mai sauƙi ne. Kyamarar da ke rubuta megabit 20 a daƙiƙa tana cin kusan 9GB a awa. In gaba da baya ne, a ce jimillarsu megabit 30, ya zama 13.5GB a awa. Ke nan 64GB ba zai kai awa biyar ba za a fara goge na farko, 128GB kuma wajen awa tara. Ga mai zirga-zirgar gari 64GB ya isa. Ga mai tafiya mai nisa da ido biyu, 128GB ya fi kwanciyar hankali, don wani abin sai washegari kake gane kana buƙatar bidiyonsa. Ka duba littafin kyamarar ka ga iyakar girman da take karɓa kafin ka saya.

Ƙari ɗaya: akwai sensar girgiza a ciki, wadda in ta ji an daki mota take kulle fayil ɗin don kada a goge shi. In ka bar ta a kan mafi saurin ji, duk rami da duk tudun rage gudu sai ta kulle fayil. A wasu kyamarorin waɗannan kullallun su ke taruwa su cinye katin. Sa ta a ƙasa ko tsakiya, ka kuma san inda maɓallin kullewa da hannu yake, yadda za ka danna shi ba sai ka ɗauke ido daga titi ba.

Kawu_Bala:
Yara, ina ta karanta ku. Kowa yana magana kamar kullum wani ne mai laifi. Wannan abin da za ku liƙa ba ya da ɗan uwa. Ranar da kai ne ka tsallake danja, ko kana latsa waya, ko ka wuce ƙa'idar gudu, shi zai fara ba da shaida a kanka, da muryarka a ciki. Duk wanda zai saka ya saka da sanin haka. Ni na sa a motar da ɗana yake ja, kuma na ga tuƙinsa ya natsu tun da ya san ina iya zare katin in kalla.

Sitiyari77:
Gaskiya ne Kawu. Shi ya sa wasu suke kashe rubutun gudu da GPS ke bugawa a ƙasan bidiyo.

Malam_Tanimu:
Kashewar ba ta ɓoye komai ga wanda ya san aikinsa. Bidiyo hoto 30 ne a daƙiƙa, ko 60. In an san tazarar da ke tsakanin layukan titi ko turakun fitila, aka ƙirga hotunan da ka ɗauka kafin ka wuce su, gudunka ya fito. Ni a kunne nake barin nawa. GPS ɗin shi ke ba da wuri da sahihin lokaci, kuma ranar da aka ce gudu kake yi alhali ba ka yi, shi zai wanke ka.

Kawu_Bala:
Madalla da wannan magana, Tanimu. Wanda yake neman yadda zai ɓoye gudunsa, ya rage gudun ya fi masa sauƙi.

Barista_Nura:
Tunda an taɓo shaida, bari in sa baki kaɗan. Doka a kan waɗannan kyamarori ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kowa ya bincika ta inda yake, musamman masu tsallaka iyaka da mota. A Jamus an daɗe ana ja-in-ja, har babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke hukunci a ranar 15 ga Mayu 2018 cewa ana iya karɓar bidiyon a matsayin shaida a shari'ar haɗari, duk da ta ce ɗaukar jama'a ba tsayawa ba tare da dalili ba ya saɓa wa dokar kare bayanan mutane. Shi ya sa a can ake son mai ɗauka gajere-gajere tana gogewa, sai in an yi karo ta ajiye. Ostiriya, maƙwabciyarta, ta fi tsanani a kan wannan. A Birtaniya kuwa 'yan sanda da kansu suke karɓar bidiyon tuƙin ganganci daga hannun jama'a ta intanet, a wani shiri da ake kira Operation Snap. Sauti ma nasa hukuncin daban ne. A wasu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya, naɗar hirar sirri ba da yardar duk masu maganar ba laifi ne.

Shawarar da ta shafi kowa ko'ina yake: idan abu ya faru, kada ka yanke bidiyon, kada ka ƙara masa rubutu ko kiɗa. Kashe kyamarar, zare katin, kwafi ainihin fayil ɗin a wuri biyu, har da na mintunan da suka gabata da waɗanda suka biyo baya. Kwafi za ka bayar, asalin ya zauna a hannunka.

Injiniya_Zainab:
Barista, in ƙara a kan naka: idan za a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba. In ka tura shi kai tsaye manhajar tana matse shi, lambar da ke fitowa tar a asali sai ta dushe. Kuma don Allah a saita kwanan wata da agogo. Bidiyon da ke nuna wata shekara daban, abokin rigimarka zai fara da cewa ba na ranar ba ne.

Ummu_Hafsat:
Ni abin da ke damuna daban ne. Tun da waɗannan kyamarorin suka yawaita, mutum zai ɗauki haɗari, ga mutane kwance cikin jini, kafin a kai su asibiti ya riga ya ɗora a Facebook da TikTok. Uwa ta buɗe waya ta ga ɗanta. Wannan wane irin rashin tausayi ne? Wanda Allah ya sa kyamararsa ta ɗauki irin wannan, ya kai wa hukuma ko iyalan in sun nema, shi ke nan. Amana ce ta faɗo hannunka.

Maman_Sadiq:
Allah ya saka miki da alheri, 'yar uwa. Ko wanda ya goge ni, da bidiyon ya fito, ga masu bincike zan kai, ba zan watsa fuskarsa a duniya ba.

Ɗan_Tauraro:
Na yarda da Anti a kan haɗari ɗari bisa ɗari. Amma wani lokaci yaɗawar tana da amfani. Ku tuna dutsen da ya faɗo daga sama a Chelyabinsk ta ƙasar Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013. Ya fashe a sararin sama da safe, ƙarfin fashewar ya farfasa tagogi, kusan mutum 1,500 suka ji rauni, yawanci daga gilashi. Mafi yawan bidiyon da duniya ta gani daga kyamarorin motoci ne, kuma masana sun yi amfani da su wajen gano ta inda dutsen ya biyo da irin gudunsa. Dalilin da ya sa direbobin Rasha suka rungumi kyamara tun da wuri shi ne masu damfarar inshora, da masu faɗawa kan mota da gangan don a biya su.

Ummu_Hafsat:
Dutse ba shi da uwa da za ta gani ta yanke jiki ta faɗi, ƙanina. Wannan daban, wancan daban.

Ɗan_Tauraro:
Haka ne Anti, ban musa ba.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, maganganun duk masu amfani ne, amma mu dawo kan tambayar Baban Iman: gaba kaɗai ko gaba da baya, da batun 4K.

Sale_Tasi:
Ni nawa ido uku ne, gaba, baya da cikin mota, amma sana'ata ce ta sa. Na ciki yana da ƙananan fitilu masu hasken da ido ba ya gani, ko cikin duhu yana nuna fasinja baƙi da fari. Ya taɓa fitar da ni lokacin da wata ta ce ta bar jakarta a kujerar baya, bidiyo ya nuna ta fita da ita rataye a kafaɗa. Na manna takarda a inda kowa zai gani cewa akwai kyamara, wanda bai so ba ya sauka tun kafin mu tashi. Amma kai Baban Iman motar iyali ce, ba ka buƙatar na ciki. Iyalinka ma ba za su sake ba. Ta baya dai ina goyon bayan Sitiyari.

Baban_Iman:
Na gode Malam Sale, na ciki kam ba na so. Wata tambayar ta taso mini: na ga ana cewa wasu kyamarorin suna gadin mota ko an kashe ta a wurin fakin. Ba za su kashe mini batir ba?

Garba_Rewaya:
Za su iya, in an haɗa su da ka. Bari in warware maka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka soka cajar a ramin kunna sigari. Ka tada mota ta kama, ka kashe ta mutu. Babu gadi a nan. Sai dai ka lura, a wasu motocin ramin nan ba ya mutuwa ko an zare makulli, ka gwada naka ka gani.

In kana son gadi, sai an ja waya daga akwatin fiyus. Wayar uku ce: ɗaya a fiyus mai wuta kullum, ɗaya a wanda sai an murɗa makulli yake kawowa, ta uku a jikin ƙarfen mota. Da haka kyamarar take gane an kashe inji ta koma gadi. A tsakiyar wayar akwai ɗan akwati mai yanke wuta in batir ya yi ƙasa, yawanci za ka zaɓa tsakanin volt 11.8, 12.0, 12.2 da 12.4. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna wajen 12.6 in mota tana kashe. In ya sauka 12.2 ya kai kusan rabi. Ni a 12.2 nake sa wa mutane, in batirin ya kwana biyu 12.4. Wanda ya sa 11.8 a tsohon batir, wata safiya zai murɗa makulli ya ji ƙas-ƙas. Ka ɗauka kyamarar tana jan wat 4, sulusin amfiya ke nan, a kwana ɗaya amfiya-awa 8 daga batir mai amfiya-awa 60. Ga motar da ake hawa kullum ba komai ba ne. Wadda ake ajiyewa mako guda kuwa, akwatin zai yanke, gadin ya tsaya. Kada kuma a taɓa fiyus na jakar iska ko na burki, a nemi na rediyo ko na ramin sigari.

Gadin ma iri-iri ne. Mafi kyau shi ne wanda in an daki motar yake ajiye har da daƙiƙun da suka gabaci dukan. Wanda sai an daka sannan ya farka, kafin ya buɗe ido mai laifin ya yi nisa.

Dogo_Mai_Tirela:
Masu manyan motoci a kula, namu volt 24 ne ba 12 ba. A tabbatar wayar ta karɓi duka biyun.

Injiniya_Zainab:
Tunda an zo kan wuta, ga abin da zan sa a gaba da 4K ma: ka sayi mai kapasita, ba mai batirin lithium a ciki ba. Motar da aka rufe a rana, bayan gilashin gaba ya fi ko'ina zafi, kuma batirin lithium ba ya shiri da zafi. Yana kumbura, ya daina riƙe caji, daga nan kyamara ta fara manta kwanan wata, ko ta mutu ba ta rufe fayil na ƙarshe ba. Fayil na ƙarshen kuwa shi ne na haɗarin. Kapasita wutar 'yan daƙiƙu kawai take riƙewa, daidai yadda za a rufe fayil lafiya, kuma tana jure zafi sosai. Kamfanonin Viofo, BlackVue da Thinkware yawancin nasu masu kapasita ne. Akwai kuma Garmin, Nextbase, Vantrue da 70mai, su sai ka duba samfurin ɗaya-ɗaya, don wani mai batir ne wani mai kapasita.

Kada kuma faɗin gani ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta digiri 170. Iya faɗin da ta ɗauka, iya ƙanƙantar da komai zai yi a cikin hoton, gefe-gefe kuma ya lanƙwashe. Wajen 140 ya wadatar.

Sitiyari77:
Wajen liƙawa, mai gam ta fi mai roba mai tsotsar gilashi. Ta robar in zafi ya yi sai ka tarar da ita tana lilo a jikin waya. A sa ta bayan madubin tsakiya, inda ba za ta tare maka gani ba, kuma inda waifa take sharewa, in ba haka ba ranar ruwa ɗigon ruwa kawai za ka ɗauka. A karkata ta yadda titi zai fi sama yawa a hoton.

Garba_Rewaya:
Daidai. Kuma wayar da za ta sauko ta ginshiƙin gefen gilashi, a motoci da yawa akwai jakar iska a naɗe a wurin. A cire murfin a bi da wayar ta bayan jakar, tare da wayoyin motar. Na sha ganin an cusa ta ta gaba an gicciye jakar. Ranar da za ta buɗe, wayar nan ko ta tare ta ko ta fyaɗo fuskar mutum. In dashbod yana haskowa a gilashi yana ɓata hoto, akwai ɗan gilashin CPL da ake ɗora wa idon kyamarar, yana rage shi sosai, sai dai yana ɗan rage haske da dare.

Baban_Iman:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu hankalina ya fi karkata ga 2K a gaba da 1080p a baya, mai kapasita, da kati 128GB irin wanda Malam Garba ya ambata. Gadin fakin zan ɗan dakata tukuna. Abin da ya rage, gilashin bayana mai duhu ne, kuma motar irin wadda ƙofar but take ɗagawa da gilashin gaba ɗaya ce. Ta bayan za ta yi aiki kuwa?

Malam_Tanimu:
Ka ga irin abin da nake gudu. Gilashi mai duhu, da 1080p, da dare, ga fitilar na bayanka tana dukan idonta kai tsaye. Ka nemi bidiyon dare na ainihin samfurin da kake so, wanda masu amfani da ita suka ɗora ba na talla ba, ka kalli na bayan kafin ka biya. In bai gamsar da kai ba, ka zuba kuɗin a ta gaba mai IMX678. A wasu samfuran ma in ka jona ta baya, ingancin ta gaban yana raguwa, don ƙwaƙwalwar na'ura ɗaya suke rabawa.

Sitiyari77:
Ko ba ta karanta lamba da dare ba, za ta nuna irin motar da launinta da yadda ta taho. Da rana kuma za ta karanta. Da babu gara ba daɗi, Malam Tanimu.

Garba_Rewaya:
Za ta yi aiki, Alhaji, in duhun ba mai tsanani ba ne. Yawancinsu ana iya ƙara wa ta baya haske ita kaɗai a cikin saiti, ka ɗaga shi mataki ɗaya ka gwada da rana da dare. Ka liƙa ta a sama, idon ya faɗa tsakanin siraran layukan nan masu busar da gilashi, kuma a inda waifar baya take kaiwa. Wayar ce aikin. Tunda ƙofar ɗagawa take yi, dole a bi da ita ta cikin robar nan mai kama da maƙogwaro da ke haɗa ƙofar da jikin mota, inda sauran wayoyi suke bi, a bar mata ɗan sako-sako. In aka bar ta a waje tana lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa, a hankali za ta karye daga ciki, hoton baya ya fara ɗaukewa yana dawowa. Kafin ka saya ka auna daga madubi zuwa bayan, ta bin rufin, ka gwada da tsawon wayar da ke cikin kwalin, don wasu mita 6 suke zuwa da ita, kuma a doguwar mota ba ta kaiwa.